Ku Tambaya Mu Amsa: Haɗin Gwiwar Ƙaramar Hukuma da 'Yan Kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kansila ne. Wani kamfani ya kawo mana tayin gina kasuwar zamani a filin ƙaramar hukuma. Ya ce zai gina da kuɗinsa, ya karɓi haya na shekara 30, sannan ya miƙa mana kasuwar. Shugabanmu na so a sa hannu kafin ƙarshen wata. Me ya kamata mu duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Wannan tsari na "gina, ka gudanar, ka miƙa" sananne ne, kuma ba laifi a cikinsa. Abin da ya fi tayar mana da hankali a wasiƙarka shi ne maganar ƙarshen wata. Yarjejeniyar da za ta ɗaure majalisu da dama masu zuwa bayanku ba a gama ta cikin mako uku. Sauri kan haifi nawa.

Ku fara da sanin darajar abin da ke hannunku. Kamfani na cewa shi ke zuba kuɗi, amma fili ma jari ne. Ku ɗauko mai ƙiyasta kadarori wanda ku za ku biya shi ladansa, ya rubuta muku ƙimar filin da kuma hayar da shagunan za su iya samarwa a shekara. Da waɗannan alƙaluma biyu ne za a gane ko kamfanin zai mayar da kuɗinsa a shekara 12 ko a shekara 25, daga nan kuma a san ko shekara 30 ɗin ta yi yawa. Bayan haka ku tallata aikin, ko da wannan kamfani ne ya fara kawo shawarar. Tayi ɗaya tilo ba shi da abin da za a auna shi da shi.

A cikin takardar kuwa, kada ku yarda a bar waɗannan abubuwa a baki. A rubuta ranar kammala gini da tarar da za a biya kan kowane wata na jinkiri. A karɓi takardar lamuni daga banki, wadda galibi takan kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, domin idan kamfani ya gudu ya bar gini a rabi, a sami abin ƙarasawa. A faɗi iyakar kuɗin haya da ƙa'idar ƙara shi, misali sau ɗaya a shekara biyu, gwargwadon hauhawar farashi da hukumar ƙididdiga ta sanar. A ɗauki sunayen waɗanda ke kasuwanci a filin yanzu tun kafin a kawo motar rusau, a tanadar musu wurin zama na wucin gadi, a kuma ba su fifiko wajen rabon shaguna. Inda aka tsallake wannan mataki, abin da aka saba gani shi ne sabuwar kasuwa tana kulle, masu ciniki kuma sun baje kaya a bakin titi.

Akwai tambaya ɗaya da za ka yi a zauren majalisa, ka kuma nace sai an amsa: idan rabin shagunan suka zauna ba mai haya, wa zai yi asara? Idan akwai sakin layi da ya ce ƙaramar hukuma za ta cike wa kamfani giɓin kuɗin shiga, to bashi kuka ci ba ku sani ba. Sannan a duba ƙarshen wa'adi. Kamfanin da ya san zai fita yakan daina gyaran rufi da magudanun ruwa a shekarun ƙarshe, saboda haka a rubuta halin da za a miƙa ginin a cikinsa, a sa injiniyoyi su duba shi shekara biyu ko uku kafin ranar, a kuma riƙe wani kaso na kuɗi har sai an yi gyaran.

Birnin Chicago na Amurka ya ɗanɗana illar gaggawa. A 2008 majalisarsa ta amince, cikin 'yan kwanaki, da ba wani kamfani hayar na'urorin karɓar kuɗin ajiye motoci na shekara 75 a kan kimanin dala biliyan 1.15. A 2009 babban mai binciken birnin ya ƙiyasta cewa an yi rangwamen da ya kusa dala biliyan ɗaya. Har ila yau, in birnin ya rufe titi don gyara ko wani taro, yakan biya kamfanin diyyar abin da ya rasa.

Tambaya: Ina da shago a wani layi mai yawan ciniki, amma shara da duhu suna korar mana masu saye. Na ji ana cewa 'yan kasuwa kan haɗa kuɗi su gyara unguwarsu tare da hukuma. Yaya ake yi ba tare da wasu sun zame ba?

Amsa: Hajiya, matsalar masu zamewa ita ce ta haifi tsarin da kike magana a kai. A 1970 'yan kasuwar unguwar Bloor West Village a birnin Toronto na Kanada suka gaji da karo-karon da wasu ke biya wasu ke cin moriya kyauta, sai suka nemi a yi dokar da za ta wajabta kuɗin a kan kowa, hukumar birni ta tara, ta mayar musu su kashe a unguwar. A Ingila dokar ƙananan hukumomi ta 2003 ta ba da irin wannan dama. A can sai an kaɗa ƙuri'a, kuma sai an sami rinjaye iri biyu: na yawan masu zaɓe, da na ƙimar kadarorinsu, don kada manya su danne ƙanana ko ƙanana su ɗora wa manya kaya. Kuɗin yakan kama kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ƙimar hayar wuri, wa'adin kuma ba ya wuce shekara 5 sai an sake zaɓe.

Ku shata iyakar layin a taswira, ku lissafa shagunan, ku zaɓi aiki biyu ko uku kawai, kamar kwashe shara da fitilu, ku sa musu farashi. Kafin a karɓi ko sisi, ku sa ƙaramar hukuma ta rubuta ayyukan da take yi muku a yanzu, kamar sau nawa motar shara ke zuwa a mako, ta kuma yi alkawarin ci gaba da su. In ba haka ba, da zarar kun fara biya sai ta janye nata, ku wayi gari kuna biyan aiki ɗaya sau biyu. Kuɗin ya shiga asusu na daban mai sa hannun ɓangarorin biyu, a riƙa liƙa bayanin kashe shi duk wata uku.

Tambaya: Ƙaramar hukumarmu za ta ba wata masana'anta fili kyauta da sassaucin haraji saboda ta yi alkawarin ɗaukar matasa aiki. Wannan dabara ce ko asara?

Amsa: Malam, ya danganta da wanda ya fara cika alkawari. A 2017 kamfanin Foxconn mai haɗa kayan lantarki ya yi wa jihar Wisconsin ta Amurka alkawarin ayyuka 13,000, aka ware masa tallafin kusan dala biliyan 3. A 2021 aka sake yarjejeniyar a kan ayyuka 1,454 da tallafin dala miliyan 80. Jihar ta ɗan tsira domin ta ɗaure mafi yawan tallafinta da ayyukan da aka samar a zahiri, amma ƙananan hukumomin yankin da za a gina masana'antar sun riga sun kashe maƙudan kuɗi wajen sayen filaye da jan ruwa.

Saboda haka a ba da filin haya mai sharaɗi, wanda zai koma hannun hukuma idan ba a fara gini cikin wata 18 ko 24 ba. Sassaucin haraji ya biyo bayan ɗaukar ma'aikata, shekara-shekara, bisa takardun albashi da aka tantance. A fayyace abin da ake nufi da aiki: cikakken lokaci, na aƙalla shekara ɗaya, ban da leburorin da suka yi ginin. A raba jimillar tallafin da yawan ayyukan, a ga nawa kowane gurbi ya ci.

Tambaya: Su wa ya kamata su zauna a kwamitin haɗin gwiwa?

Amsa: Mutum tara zuwa goma sha ɗaya sun isa: wakilan majalisa, manyan 'yan kasuwa, ƙungiyar ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, da wakilin makarantar koyon sana'a. Kowane mamba ya rubuta kamfanonin da yake da hannu a ciki, ya fita daga ɗaki idan ana maganar kwangilar da ta shafe shi. Kwamiti ya ba da shawara, amma amincewa da kashe kuɗin jama'a ta zauna a hannun zaɓaɓɓiyar majalisa.