Jar ƙasa a kan zane: me ya sa take zubewa?

Tambaya: Malam, ina koyon zane, fenti kuma ya yi tsada. Sai na kwaɓa jar ƙasa da ruwa na shafa a kan wani tsohon zanena na fentin mai, na liƙa ƙyallayen atamfa a kai. Da ya bushe ƙasar ta zube, ƙyallayen suka ɗago. Ko dai ƙasa ba ta yin zane ne?
Wata ɗaliba, Funtuwa

Amsa: 'Yata, ƙasa tana yin zane sarai. Kowane fenti garin launi ne da wani abu mai riƙe shi, ke kuwa ruwa kawai kika ba ƙasarki, ya bushe ya bar ta. Shi ya sa masu zayyana suke sa ƙaro a tawada. Sannan kin ɗora kayan ruwa a kan mai, ba za su kama ba. Haka ma akirilik, wato fentin roba da ake sirkawa da ruwa: fentin mai yana hawa kansa, amma shi ba ya hawa kan mai. Ki nemi sabon katako ko kanfas, wato yadi mai kauri da ake zane a kai.

Aikin da na fi so ki ba wa lokaci shi ne wanke ƙasar. Ki jiƙa ta, ki dama, ki ɗan jira yashi ya kwanta, ki tsiyaye jan ruwan a wani kwano ya kwana. Da safe ki zubar da ruwan sama, ki shanya abin da ya kwanta, ki niƙa shi luƙui. A kan takarda ki haɗa shi da ƙaro, amma siriri-siriri: idan ya yi kauri yana tsagewa da hunturu, da damina kuma ya yi danƙo. A kan katako farin gam na kafintoci ya fi, a sirka shi da ruwa kaɗan. Shi zai riƙe atamfar ma, in kin wanke ta sitaci ya fita.

In kina tunanin wasu launukan gida, lallen ƙunshi kam ban yarda da shi a zane ba, launinsa ba ya daɗewa. In shuɗi kike so, ƙyallen da aka rina da baba a Ƙofar Mata ta Kano ya fi mini.

Kada wani ya ce miki wannan aikin rashin kuɗi ne. Mai zane Jimoh Buraimoh na Oshogbo da duwatsun ado ya yi suna, yana liƙa su a kan katako tun shekarun 1960.

Kafin ki taɓa babban zane, ki shafa kowane haɗi a guntun kwali, ki rufe rabinsa, ki ajiye a taga wata guda, sannan ki gwada rabin da ya sha rana da wanda kika rufe. Wanda ya koɗe ko ya ɓare, ki bar shi.