Amsar Inna kan kaɗi, saƙa da dashen itatuwa a gida

Ga muryar da Inna ta aiko zaure daren jiya, an rubuta ta saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Hajiyoyi da ƙannena da 'ya'yana na wannan zaure, da fatan an yini lafiya. Maman 'yan biyu, na saurari tambayarki, inda kika ce kina son ki koyi kaɗi domin ki riƙa samar wa kanki zaren da za ki saƙa rigunan sanyi na sayarwa, sannan kina neman shawarar abin da za ki dasa a ɗan filin da ke bayan ɗakinki a unguwar Rikkos, nan cikin Jos.

Ƙanwata, kaɗi da saƙar rigar sanyi ba tafiyarsu ɗaya ba. Kaɗin da iyayenmu suka yi na auduga ne, kuma kafin zare ya hau mazari sai an gurje audugar a kan magurji an fitar da angurya, a shiɓe ta da baka har ta yi laushi, a naɗe ta ta zama sutu, sannan mace ta zauna da mazarinta da taskira, tana shafa alli a yatsu tana murzawa. Abin da ke fita iri biyu ne: akwai siririn zare mai ƙarfi wanda masaƙa ke yin wadari da shi, akwai kuma abawa mai kauri wadda murɗinta bai yi tsanani ba. Da su ake saƙa gwado da luru da fari. To, auduga ba ta riƙe ɗumi kamar ulu, ba ta da talewa ta koma yadda take, kuma idan ta jiƙe sai ta yi nauyi ta daɗe ba ta bushe ba, saboda haka suwaitar da aka saƙa da abawa za ta saki a wuya da hannuwa tun wanki na biyu ko na uku.

Ga kuma batun samun audugar. Ita shuka ce mai son zafi, shi ya sa ƙasarta ita ce wajajen Funtuwa da Malumfashi da Gusau, inda ake cirarta bayan ɗaukewar damina. Mu kuwa muna zaune a kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga matakin teku, wanda shi ne asalin sanyin da muke fama da shi. In kina sha'awar kaɗi don kada sana'ar kakanni ta ɓace, ki koya, ni ma zan ji daɗi, amma kada ki ɗora kasuwancinki a kansa, domin zaren riga ɗaya zai cinye miki makonni, mai saye kuma ba zai biya wannan wahalar ba, alhali ga gwanjo jibge a kasuwar Katako.

Gwanjon nan shi ne babban abokin takararki, don haka ki kauce wa rigunan manya. Ki kama kayan jarirai: hula da safa da 'yar riga da mayafin goyo, waɗanda uwa ke son sababbi, ake kuma kai wa barka da suna. Ki sani cewa yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne, wanda ba laifi ba ne tunda yana jure wanki, sai dai ki goga shi a wuyanki kafin ki biya, in ya yi miki kaushi to fatar jariri ba za ta ɗauka ba. Ki sayi duk dunƙulen da aikin zai ci a rana ɗaya, saboda launi yakan ɗan bambanta tsakanin kaya da kaya. Kwarashi ya fi sauri da sauƙin koyo, allura biyu kuwa saƙarta ta fi laushi da talewa.

Muhimmin abu shi ne lokaci. Hunturunmu yana tsananta ne a Disamba da Janairu, wadda ta fara saƙa a lokacin kuwa ta makara. Ki yi saƙarki a Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ke tsare mu a ɗaka kuma shuka ba ta neman ban ruwa, ya zama kafin Nuwamba kayanki suna ninke a akwati.

Wannan lissafin ne zai gaya miki abin da za ki dasa. Sitiroberi, wanda ake nomawa sosai a Chaha ta wajen Vom, yana son sanyinmu, kuma a rani yake ba da 'ya'ya, daga wajen Disamba zuwa Maris, wato daidai lokacin da rijiyoyi ke ja da baya. In ruwanki na 'yan garuwa ne, kada ki wuce buhu goma. Ki cika su da ƙasa mai yashi-yashi da kashin kaji wanda ya riga ya ruɓe, domin ɗanyensa ƙone saiwa yake yi, ki nemi ƙananan tsiron da uwar shukar ke miƙawa ki dasa wajen ƙarshen damina, ki kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi, ta acca ma ta yi, don kada 'ya'yan su taɓa ƙasa su ruɓe. Ba ya kwana da yawa bayan tsinka, saboda haka na gida ne da maƙwabta.

Itace kuwa, fili irin naki ɗaya zai ɗauka. Ni piya zan zaɓa a kan mangwaro, domin mangwaro yana cika kasuwa a Afrilu da Mayu har ya yi arha, ita kuwa piya ba ta rasa daraja. Ki sayi mai aure, wato wadda aka haɗa mata reshen iri mai kyau, wadda ke fara haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu, maimakon ki binne ƙwallo ki yi ta jira shekaru ba ki san irin da zai fito ba. Ki dasa a Mayu ko Yuni bayan ruwa ya zauna, nesa da katanga da ramin masai, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, saboda saiwar piya ba ta jure jiƙa. In kuma gidan haya kike, ki nemi izinin mai gida tukuna, ko ki tsaya a kan gwanda, wadda ke haihuwa cikin shekara guda. Wassalamu alaikum.