Filin Tambayoyinku: Bayan motata na tsalle a tseren dirag, in yanke ta in sa fo-link?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, da fatan kana lafiya. Dan Allah shawara nake nema. Ina da tsohuwar Chevrolet Camaro ƙirar 1967, shekara uku ina haɗa ta, injin 350 ne na sa aka sake masa aiki yanzu yana ba da ƙarfin doki wajen 400. Na fara shiga tseren dirag da ita, tseren gudu a miƙe na kwata mil ɗin nan, to matsalar da zarar fitila ta kawo kore na taka totur sai bayan motar ya kama tsalle yana dukan ƙasa dam dam dam kamar zai ɓalle, dole in ɗaga ƙafa. Takardar lokaci tana ba ni sakan 2.2 a ƙafa 60 na farko, 13.6 a ƙarshe. Ƙasan baya duk na kamfani ne ban taɓa komai ba, sifirin mai falle ɗaya da aksul 10-bolt, mai bolti goma a murfinsa. Abokaina sun ce in yanke ƙasan kawai in sa fo-link, haɗin sanduna huɗu masu riƙe aksul ɗin baya, in huta, ni kuma har yanzu ina ɗan zagawa da ita a titi. Me ka gani? Daga wani mai bin wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ajiye abin yankan nan tukuna, motarka ba ta kai nan ba, kuma Camaro 67 ba motar da ake sa wa wuta a ƙasa ba ce don kawai abokai sun faɗa, in ka yanke shikenan ba ta dawowa yadda kamfani ya yi ta.

Bari ka ji abin da ke faruwa a ƙasa. Lokacin da tayoyi suke juyawa gaba, gidan aksul ɗin shi kuma baya yake son juyawa, sai hancinsa inda farfela ta shiga ya ɗaga sama. Ba abin da ke riƙe shi sai sifirin, toh shi sifirin an yi shi ne don ɗaukar nauyi ba don wannan murɗiyar ba, sai ya lanƙwashe kamar harafin S, in ya kai maƙura ya fizge ya dawo, taya ta saki ƙasa ta yi juyi a banza, ta sake cafkewa, ya sake lanƙwashewa, haka dai sau da yawa cikin sakan ɗaya. Wannan ne dam dam ɗin da kake ji. Kuma gara da kake ɗaga ƙafa wallahi, don wannan dukan shi ke karya kuros ɗin farfela da sandar aksul da haƙoran giya. Ba kai kaɗai ba ne, ciwon ƙirar 67 ne, shi ya sa a 1968 kamfanin ya raba wa shokozoba na baya wuri, ɗaya a gaban aksul ɗaya a bayansa, ya kuma sa sifirin mai falle da yawa a masu babban inji.

Maganin farko shi ne ƙarfen da zai hana aksul murɗa sifirin. Akwai na da, dogon ƙarfe da ake ɗaurewa ƙarƙashin aksul mai roba a baki, in aksul ya fara juyawa robar ta doki idon sifirin na gaba ta tsayar da shi. Yana aiki kuma ba tsada, amma sai robar ta dace da idon daidai, in ta doki tsakiyar sifirin lanƙwasa shi za ta yi. Ni dai da motata ce CalTracs zan sa. Shi sanda ce daga ƙasan aksul zuwa wani faranti mai juyawa a idon gaba, in aksul ya so murɗawa sai sandar ta tura farantin ya danne sifirin daga sama, ƙarfin da a da yake lalata maka tashi ya koma yana dasa taya a ƙasa. Noti da bolti ne ba walda, ana iya ƙara masa ɗauri ko a sassauta kowane gefe daban, ran da ka gaji ka kwance abinka mota ta koma yadda take. Ka haɗa da sabon sifirin don naka ya haura shekara hamsin ya gaji, ka canza bushin na roba da suka ruɓe. Akwai motoci masu sifirin falle da irin wannan haɗin da suke gama kwata mil cikin sakan 9, kai kana 13, kaga akwai sauran tafiya kafin sifirin ya zama shi ne ke riƙe ka.

Shokozoba kuma kada ka raina shi, mutane sai su kashe kuɗi a ƙarafa su bar tsohon shokozoba mai yoyon mai. Ka nemi wanda ake saitawa da hannu, ko da mai maɓalli ɗaya ne. In bayan motar yana ɗagawa da ƙarfi ya doke taya ta dawo sama sai ka ƙara masa tauri, in kuma taya ba ta samun danni ka sassauta. A gaba 'yan tsere suna sa mai 90/10, yana miƙewa da sauƙi ya sauka a hankali don nauyi ya koma baya ya daɗe a can, amma a titi ba daɗi ko kaɗan musamman a kwana da wajen birki, tunda kana hawa ta ka sa mai saiti a gaban ma.

Abin da yawanci ake mantawa, Camaro ba ta da cikakken shasi daga gaba har baya, guntun firam ne a gaba da aka ɗaure a bodi, tsakiyar kuwa ƙarfen daɓe ne kawai. In ka sa ƙasa ta fara kamawa bodin ne zai dinga murɗewa, wataran ka ga ƙofa ta daina rufuwa daidai. Akwai ƙarafa biyu da ake haɗa firam ɗin gaba da na baya da su, akwai na ɗauri akwai na walda, na walda ya fi ƙarfi. Sannan a auna kusurwar hancin aksul da farfela, a sunkuyar da shi ƙasa 'yan digiri da ɗan ƙarfe mai siffar weji, yadda in ya ɗaga lokacin tashi zai zo daidai da layin farfela.

Duk wannan in tayar titi ce mai tauri a ƙasa to aikin banza ne. Ka sa dirag radiyal, tayar tsere mai laushi, ka rage mata iska kaɗan kaɗan kana gwadawa, ka ɗan ƙona ta ta yi zafi kafin ka hau layi. In aksul ɗinka irin wanda taya ɗaya ke juyawa ne ka sa masa posi tayoyin biyu su ja tare. Amma fa ran da ƙasa ta fara kamawa sosai ran nan 10-bolt zai fara gaya maka gaskiya, na wannan shekarar giyarsa inci 8.2 ce, kuma ɗan kilif mai siffar C ne ke riƙe sandar aksul daga ciki, in sandar ta karye taya da ita za su fice gaba ɗaya. A ƙarfin doki 400 zai ɗan jure musamman in giya otomatik ce, in za ka ƙara wuta ka fara tanadin 12-bolt ko Ford 9-inch. Dokar NHRA, hukumar tseren dirag ta Amurka, ma ta ce in ka kai sakan 10.99 a kwata mil dole sai da aksul na tsere da abin da zai riƙe shi, ƙarfen kariya na cikin mota kuma tun daga 11.49 ake neman sa.

Lada-ba da fo-link fa? Lada-ba, mai siffar tsani ɗin nan, yana da sauƙin saiti kuma a miƙe ba dama, amma yana ƙame aksul, a kwana ko hawa gangare sai ka ji ƙasan na ƙara har walda ta tsage. Fo-link shi ne sarki a filin tsere ba musu, sanduna huɗu da ramuka barkatai da za ka zaɓi inda ƙarfi zai tura motar, sai dai aikin yanka ne da walda da sabon shokozoba mai sifirin a jiki, kuma wanda bai iya saita shi ba zai iya tashi ya fi da muni. Na mai motar da ake ɗauka a tirela ne.

Ka canza abu ɗaya a lokaci guda ka rubuta lambar ƙafa 60. 'Yan tsere suna lissafin duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a nan yana rage maka kusan ninkinsa ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshe. In ka sauko daga 2.2 zuwa wajen 1.8 za ka iya shiga sakan 12 ba ka taɓa inji ba.

TAMBAYA: Salam Oga, tawa Chevelle 1970 ce, ba ta tsalle amma in na tashi sai gaban hagu ya ɗaga ta karkace ta ja gefe. CalTracs zai yi min?

AMSA: A'a Malam, taka sifirin nadi gare ta da hannuwa huɗu tun daga kamfani, CalTracs na masu falle ne. Murɗiyar farfela ce take danne tayar hagu ta baya tana rage wa ta dama nauyi. Tsohuwar dabara ita ce a sa jakar iska cikin sifirin dama na baya a dinga ƙara iska kaɗan kaɗan har ta tashi a miƙe. Hannuwan ƙasa na kamfani buɗaɗɗen ƙarfe ne suna lanƙwasa, ka sa a rufe su da walda ko ka sayi na bututu, na sama kuma ka sa masu saiti don gyara hancin aksul. In duk da haka tana karkacewa sai ka je ga ƙarfen hana karkata na tsere, amma ka fara da jakar iskar, ita ce mafi arha.