Amfanin na'urar rada a kumbon binciken sararin samaniya

Malam, ka tambayi dalilin ɗora wa kumbo na'urar rada alhali yana ɗauke da kyamara. Dalilin shi ne kyamara ba ta iya ganin abin da gajimare ya rufe, ita kuwa rada tana aika igiyar rediyo ta ratsa gajimaren, ta daki ƙasa ta dawo, sannan a auna lokacin dawowarta da ƙarfinta. Da ita kumbon Magellan na Amurka ya zana taswirar kusan kashi 98 cikin ɗari na doron duniyar Zuhura daga 1990 zuwa 1992, kuma da ita kumbon Cassini ya gano tafkunan ruwan iskar mitan a Titan, watan duniyar Zuhal, a 2006.

Sai dai hoton rada ba irin hoton da ido ya saba ba ne. Ɗalibaina a nan Gombe sukan ɗauka cewa wurin da ya yi fari ƙanƙara ce, alhali galibi gargada ce mai mayar da igiyar da ƙarfi. Shimfiɗaɗɗen tafki kuwa baƙi ƙirin yake fitowa, domin igiyar takan zame a kansa ta wuce gaba.