Kan gonarku ta bakin dajin Kogo, ga abin da ya same mu a ƙasar Daura

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce gonarku ta gado tana bakin dajin Kogo a ƙasar Faskari, kun ji dajin zai koma hannun gwamnatin tarayya, kana tambaya ko za a karɓe gonakin da ke kewaye, in kuma an karɓa ko akwai diyya. Na ga wasu sun ce ka kwantar da hankalinka, ba abin da zai faru. Allah ya sa haka. Mu ma dai haka aka ce mana.

Labarin da ka ji ba jita-jita ba ne. A ƙarshen 2020 gwamnatin Buhari ta sanar da ƙarin manyan gandayen daji na ƙasa guda 10 a kan 7 da ake da su, Kogo na ciki, tare da Falgore ta Kano da Baturiya ta ƙasar Haɗejiya. Kuma dokar irin wannan gandu ta fi ta gandun jiha tsauri nesa ba kusa ba: ba kiwo, ba farauta, ba saran itace, shiga ma sai da izini. Namu gandun na nan arewacin ƙasar Daura bai kai wannan girma ba, layin itatuwa ne na tare iska da rairayi, aka zo daga baya aka faɗaɗa shi aka haɗe da wani tsohon gandu. Duk da ƙanƙantarsa ya haɗiye fiye da rabin gonar Baba, Allah ya jiƙansa.

Da rani 'yan safiyo, masu awon ƙasa, suka zo. Ka riƙe wannan da kyau. Da rani gona ba ta da shaida, an girbe gero, an kwashe kara, dabbobi sun tattake kunya, baƙo in ya tsaya a kai ba zai iya bambance ta da saura ba. Maza kuma duk an watse cin rani, Baba yana Kano, ni ina makaranta. 'Yan safiyo ba su san kowa ba, sai suka nemi wanda zai zagaya da su ya nuna musu iyakar kowa. Wanda ya miƙe ya ce shi zai raka su, mutum ne da ya tashi a zauren gidanmu. Ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa, kuma 'ya'yansa ba su yi mini komai ba. Amma wallahi tuwon da mutumin nan ya ci a gidanmu ba zai ƙirgu ba. Shekarar da matarsa ta haihu ba ko ƙwayar hatsi a ɗakinsa, Baba ne ya buɗe rumbu ya ɗebo masa dame. Shi ne ya tsaya a gefen gonarmu ta gabas ya ce wa masu rubutu wannan ta ƙanensa ce. Da aka zo kan itatuwa kuma, kukarmu da gawon da ke tsakiya da aduwa, ya ce ai waɗannan na Allah ne, ba wanda ya dasa. Mai rubutu ya wuce. To wa ya hana a sare su tun suna ƙanana? Wa ya kewaye su da ƙaya saboda awaki? Kakanmu ne. Da Baba ya dawo ya je masa gida, sai cewa ya yi, "Haba Yaya, ni me na sani, tambayata aka yi na faɗi abin da na gani." Ko kunya. Har yau in mun haɗu a jana'iza shi ke fara miƙo mini hannu, ina karɓa saboda idon mutane.

Shi ya sa nake ce maka ranar awo ita ce shari'ar gaba ɗaya. Duk abin da ya biyo baya bin takarda ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ku tsaya a kan gonarku da kanku, da maƙwabtan gona na kowace kusurwa, da mai unguwa. A ƙirga kowace bishiya a gabanku, ku da kuke kudu ma kun fi mu, kuna da ɗorawa da kaɗanya da mangwaro. Rijiya, bukka, shinge, duk a rubuta. Ka ɗauki hoton takardar da waya kafin kowa ya dangwala yatsa. In an ce ku sa hannu daga baya za a cike, kada ku yarda, ko wa ya faɗa.

Dalili kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha duka a hannun gwamna, kuma yana iya karɓa don amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta sani ta abin da ke kan ƙasar ce, amfanin gona da gini da makamantansu. Ita ƙasar kanta ba a saye ta daga hannunka. Ka ga kenan wanda aka auna tasa da rani, aka kuma ƙi rubuta itatuwansa, ya tashi a tutar babu. Abin da ya zo hannun Baba bai sayi ɗan maraƙi ba.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Bayan an kafa turakun siminti an ja waya, kukarmu ta koma ciki. Inna ba ta taɓa ɗaukar abin da gaske ba, a wurinta kuka ce da ta shekara tana ɗiba tun tana amarya. Ranar ta ɗauki ƙugiya da kwando ta shiga ta inda wayar ta faɗi. Wani yaro malamin daji, wanda a haife ta haifi wanda ya girme shi, ya tsare ta. Ya karɓe ƙugiyar, ya kifar da kwandon a ƙasa, ya sa ƙafa ya watsa ganyen, yana ta faɗa a gaban yaran da ke kiwo, wai su ne ɓarayin da ke kashe dajin gwamnati. Ɓarauniya. Inna. A gindin kukar da aka yanka ragon sunana a kusa da ita. Ta dawo gida ba kwando, ta shige ɗaki, ba ta gaya wa kowa ba, a bakin yara muka ji. Daga ranar ba ta sake bin hanyar nan ba har ta koma ga Allah, kuka kuma sai dai a sayo mana a kasuwa a gwangwani. Na san yaron aikinsa yake yi, na san an ba shi umarni. Amma akwai yadda ake yi wa tsohuwa magana. Da ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, an hana," da ta ba shi haƙuri ta juya. In na tuna har yanzu sai in ji abinci ya fita raina.

Saboda haka kada ku tsaya kan gona kaɗai, ku tambayi mata abin da suke samu a dajin. Mu maza muka zauna muka yi ta maganar kadada da damen gero, ba wanda ya kawo zancen itacen girki, da kuka, da 'ya'yan gawo na awaki, da kabar saƙa, da saiwar magani. Da waɗannan mace ke sayen gishiri da sabulu ba ta tambayi kowa ba. A wajenku kalwa da man kaɗe kuɗi ne na gaske. In za a yi zama da manya, a sa wannan a rubuce: me aka yarda a ɗiba, a wane wata, ta wace hanya.

Wani abu da na gano bayan aikin gama ya gama: tsofaffin gandayen da aka yanka tun zamanin Turawa da na En'e, kowanne da takardarsa ta gazet, wato sanarwar gwamnati da ta kafa shi, da bayanin iyaka, kuma galibi akan jera haƙƙin da aka bar wa mutanen gari, kamar bin hanya da ɗiban ruwa da 'ya'yan itace. Ku nemi ta Kogo, ku sami mai ilimi cikinku ya bi sawu a sashen gandun daji. Domin maganarka ta rabu biyu. In gonarku tana wajen tsohuwar iyaka, kuna nomanta tun kafin 1978, doka ta san da ku ko ba ku da takarda, kuna da bakin magana. In kuwa a cikin iyakar take, an dai yi ta sassabe ana matsawa shekara da shekaru ba wanda ya ce uffan, to gaskiya ɗaci gare ta, za a ce ku kuka shiga. A nan sai lallami da neman a musanya muku wani wuri. Tsofaffin rasitan haraji, takardar rabon gado ta alƙali, duk abin da ke da sunan kakanku, a fito da shi daga ƙasan adaka. Wanda kuma ba shi da komai ya je ƙaramar hukuma ya nemi takardar shaidar mallaka tun yanzu.

Kuma don Allah kada ka tafi kai kaɗai. Baba shi kaɗai ya yi ta sintiri, yau a ce mai sa hannu ya fita, gobe a ce fayil yana sama, har kuɗin mota ya fi abin da ake bi. Ku haɗu ku rubuta takarda ɗaya, ta bi ta hannun dagaci zuwa hakimi, kwafi ga ɗan majalisarku, kwafi ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, suna da ofis a Katsina kuma ba a biya. Ku sa Fulanin da kuke zaune da su a ciki. Mu da wayar ta datse burtali, shanu ba su da hanya sai ta cikin gonaki, mutanen da muke ba su kara su ba mu taki muka wayi gari muna kai juna gaban dagaci duk kaka. Wanda ya ja layin yana ofishinsa, mu aka bari da rigimar. Ku ba sai an gaya muku inda irin wannan ke kaiwa ba.

Ni abin da ma ban gane ba, dajin da aka hana talaka shiga, wa zai tsare shi? Kamuku ta Birnin Gwari tun 1999 take hannun tarayya, kowa ya san su wa suka mayar da ita gida. Rugu kuma ba sai na faɗa ba. Mai neman zuma da mai itace da maharbi su ne idon gari a daji. A 2021 da aka hana motoci ɗauko itace daga daji saboda tsaro, mun ga yadda ƙullin itace ya yi tsada a cikin gari, masu bindiga kuwa ba su fasa komai ba. Wannan ra'ayina ne, wani na iya ganin ba haka ba.

Kada kuma a ce ina ƙin itatuwa. Mu da muke bakin hamada mun san darajarsu. Da can iskar farkon damina takan binne gero yana ɗan tsiro, sai an sake shuka. Gonakin da ke bayan layin bedin nan yanzu sun huta da wannan, har 'yar ragowar tamu ta amfana, ba zan ɓoye ba. Amma ka tsallaka Nijar ta Kongolam ka nufi Matamaye, ko ta Babban Mutum ka shiga ƙasar Magarya, ka ga gawo cike da gonaki, ba waya ba mai gadi. Manoma ne suka riƙa barin tsiron da ya fito suna yi masa aski, saboda sun san in ya girma nasu ne. Mu nan yaro na ganin tsiron gawo a gonarsu zai sa fartanya ya cire, tsoron kada gobe a ce wurin ya zama daji.

Af, na manta. In awakinku ko shanu suka shiga aka kama, kada ku biya ko sisi ba rasit. Mun sayar da akuya don mu fanshi 'yan'uwanta, kuɗin kuma ba mu san aljihun da suka shiga ba.

Ka bincika mana maganar tsohuwar iyakar nan ka dawo ka faɗa, ciki kuke ko waje, da kuma ko mashayar garinku ta faɗa ciki. Akwai lauyoyi a nan tare da mu, su ya kamata su ɗora daga inda na tsaya. Allah ya tsare muku gonarku, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Faskari da sauran wurare.