Tun da maigidana ya fara wankin ƙoda ya daina walwala

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana tela ne, shekararsa 47, wata takwas ke nan ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Kumburin ƙafa ya saɓe, amma mutumin ya canza. Ya daina fita majalisa, ba ya son hayaniyar yara, cikin dare sai in farka in gan shi zaune. Makon jiya ya ƙi zuwa wankin, ya ce a bar kuɗin a biya wa yara makaranta, shi dai ya gaji. Da na ce mu ga likitan ƙwaƙwalwa sai ya ce, "Au, haukan ma za ki jingina mini?" 'Yan'uwansa kuma sun ce ƙarancin tawakkali ne. Don Allah yaya zan yi? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce. Ke ma sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da ladan jinya.

Bari in fara da abin da ba ya jiran gobe. Mai wankin ƙoda idan ya tsallake zama, ruwa yana taruwa masa a huhu, sinadarin potassium kuma yana hawa a jini, kuma yawansa na iya tsayar da zuciya babu sallama. Yau ɗin nan ki kira sashen da ake yi masa wankin, ki shaida wa nas ko likitansa cewa ya ƙi zuwa, ki maimaita musu kalamansa kamar yadda ya furta su. Zaman daren da kika ambata ma ina so a duba shi. Tunani yana hana barci, amma ruwa a ƙirji ma yana hana mutum kwanciya sai a zaune. Idan numfashi ya fara yi masa wuya, ko jikinsa ya saki, ba sauran lallashi, sai asibiti.

Sannan ki nemi lokacin da yara suka yi barci, ki zauna kusa da shi ki tambaye shi kai tsaye: "Maigida, da ka ce ka gaji, da asibitin ka gaji, ko rayuwar ce gaba ɗaya ta fita a ranka?" Na san tambaya ce mai nauyi a bakin mace. Mutane da yawa suna tsoron yin ta, wai kada su cusa wa marar lafiya tunanin da ba shi da shi. Tambaya ba ta cusa wannan tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, don an sami wanda bai kau da kai ba. In ya ce yana tunanin cutar da kansa, kada a bar shi shi kaɗai, ki kawar da tarin magunguna da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, a je asibiti a ranar.

Yanzu ga abin da nake zaton yana damunsa. Ciwon damuwa ya zama ruwan dare a cikin masu wankin ƙoda. Wani babban nazari da aka buga a 2013, wanda ya tattara bincike da dama daga ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa idan ƙwararre ya zauna ya tantance su ɗaya bayan ɗaya, kusan 23 cikin 100 suna da cutar. Idan kuwa takardar tambayoyi aka ba su suka cike da kansu, adadin yana kai wa wajen 39 cikin 100. Tazarar da ke tsakanin lissafin biyu tana da dalili, kuma ya shafi maigidanki. Kasala, rashin cin abinci, rashin barci da mantuwa, duk alamun damuwa ne, amma ciwon ƙodar kansa yana kawo su. Ka'idar wanki ita ce sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Shi sau biyu yake samu, kamar yawancin mutanenmu da aljihu ya hana. Saboda haka kafin a ce komai a zuciya yake, sai an auna jininsa a ga ko ya yi ƙasa, a duba ko wankin yana isarsa, a tambaye shi game da ƙaiƙayin jiki, da ciwon gaɓoɓi, da ƙafafun da ke ƙin zama wuri ɗaya cikin dare. Na sha ganin wanda aka gyara wa ƙarancin jini, bayan 'yan makonni sai ga shi yana zolayar ma'aikata.

Abin da ke sa in fi karkata ga ciwon damuwa shi ne abubuwan da datti a jini ba ya bayyana su shi kaɗai: mutum ya daina jin daɗin abin da a da yake so, ya riƙa ganin kansa a matsayin kaya a wuyan iyali, ya yanke ƙauna, kuma hakan ya ɗore fiye da mako biyu. "A bar kuɗin a biya wa yara makaranta" magana ce ta wanda ya auna kansa da kuɗin makaranta, ya ga kamar kuɗin sun fi shi daraja.

Maganar ƙarancin tawakkali tana ɓata mini rai, gaskiya. Cikin waɗanda na ga damuwa ta kayar akwai masu sahun farko, akwai waɗanda carbi ba ya barin hannunsu ko suna kan injin wankin. Annabi Yaƙub, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya taɓa imaninsa. Duk wanda ya ce wa marar lafiya imaninsa ne ya yi rauni, ya ƙara masa ciwo na uku a kan biyun da yake ɗauke da su, ya kuma koya masa yin shiru.

Ki tsaya ki lissafa abin da wata takwas ɗin nan suka ƙwace masa. Tela ne, da hannu da ido yake cin abinci, yanzu kwana biyu a mako suna tafiya a asibiti, kuma ranar wanki mutum kan dawo gida kamar an tatse shi, wani sai washegari yake dawowa hayyacinsa. Idan an yi masa aikin haɗa jijiya a hannu, an hana shi ɗaukar nauyi da wannan hannun. Masu kawo ɗinki sun fara komawa wani shagon. Ruwa, wanda ko baƙo shi ake fara miƙa wa, shi ƙididdige masa ake yi, yawanci kwatankwacin leda ɗaya ta fiya wata a kan yawan fitsarin da ya yi a yini, ko da a zafin watan Afrilu ne. An rage gishiri da ɗanɗano a miya, an ja masa kunne a kan ayaba, dabino, lemo da abincin da aka sa wa kanwa. To me zai je yi a majalisa? A zuba shayi a miƙo masa ya ce a'a, mutum goma su ce masa "ya jiki" cikin muryar ta'aziyya, wani kuma ya kawo labarin wanda ya rasu da irin ciwonsa. Ga wadda ba a cika faɗa ba: ciwon ƙoda yana raunana maza da yawa ta wajen shimfiɗa, kuma namiji ya gwammace a ce ya zama mafaɗaci da a gane wannan. Duk ranar wanki kuma sai ya kalli fuskarki ya san an sayar da wani abu, ko an kira wani ɗan'uwa a waya.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi. Yana zuwa sai ya hau sikeli, ya kwanta, ya ja mayafi ya rufe fuska, awa huɗu cur ba uffan. Mun yi masa tayin ganin likitan ƙwaƙwalwa har sau biyu, ya ce a gode. Wata rana aka kwantar da wani direban babbar mota a gadon da ke kusa da shi, mutumin da ya shekara uku a kan injin. Sai na ji direban yana ce masa, "Baba, ni ƙanƙara nake tsotsa, ƙaramar guda ɗaya tana kai ni la'asar." Dattijon ya yaye mayafin ya dube shi. Bayan wata guda su biyun suka nemi a riƙa haɗa musu rana ɗaya, kuma ta bakin direban ne dattijon ya yarda a kira masa likitan da ya ƙi gani.

Wannan ya kawo ni ga zuciyar tambayarki. Maigidanki bai ƙi taimako ba, siffar da taimakon ya zo masa da ita ce ya ƙi. Mai wankin ƙoda ya riga ya ƙoshi da layi, da kati, da kuɗin mota. In kika ce masa ga wani asibitin, ga wani layin, kuma asibitin da jama'a ke kira na mahaukata, amsar da kika samu ita za ki samu. Abin da na ga mafi yawansu suna so shi ne a yi musu maganar a inda suka riga suke, daga bakin wanda ya san injin da wahalarsa, nas ɗin da ta saba sa musu allura ko likitan ƙodarsu, ko kuma ɗan'uwansu marar lafiya da ya riga su shiga. Amma ba duka ba. Wani ba zai buɗe baki a ɗakin wanki ba, don labule kawai ne tsakaninsa da maƙwabcinsa, ya fi son ofis ko kiran waya ranar da ba ya asibiti. Wani sai namiji ɗan'uwansa. Wani yana so matarsa ta zauna, wani kuma daidai abin da zai faɗa shi ne wanda ba ya so ta ji, kuma in haka ta faru kada ki ji haushi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai a tambaye shi: da wa kake so ka yi magana, a ina, kuma a kan me za a fara?

Magani akwai. A Amurka an yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2019, a kan masu wankin ƙoda 120 da ke da ciwon damuwa. Aka raba su biyu tsawon mako 12: wasu aka ba su ƙwayar maganin damuwa mai suna sertraline, wasu kuma ƙwararre ya riƙa zama da su a sashen wankin, yana koya musu kama munanan tunani da sauya su, da komawa ayyukan da suka watsar. Duka ɓangarorin sun sami sauƙi. Masu shan ƙwaya sun ɗan fi, amma sun fi kokawa da illolin magani. Darasin da na ɗauka shi ne hanyoyin biyu duk suna aiki, don haka zaɓin marar lafiya yana da wurin zama. Ƙwayar kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninta, kuma likita ne kawai zai rubuta ta, da sanin likitan ƙoda. Kada a je kyamis a sayo masa maganin barci irin su diazepam, ko amitriptyline, ko tramadol. Ƙodar da ba ta aiki ba ta fitar da magani yadda ya kamata, abin da zai sa mai lafiya barci yana iya gigita shi. Haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe, a nisance su. Addu'a da tofi kuwa a yawaita, sai dai in za a ba shi rubutu ya sha, a lissafa shi cikin ruwan da aka ƙayyade masa.

Hanyar da nake ba ki shawara ita ce ki bar kalmar "ƙwaƙwalwa" ta huta. Ki roƙi likitan ƙodarsa ya buɗe maganar da kansa, ta ƙofar barci da gajiya, waɗanda ba wanda ke jin kunyarsu. Asibitocin koyarwa irin na Shika da na Malam Aminu Kano suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma likita na iya gayyato abokin aikinsa ya zo ya same shi ranar wanki. Ki kuma tambayi nas ko akwai wani tsohon hannu a cikin masu zuwa wankin da za a haɗa su.

Kuɗi kuwa, tunda shi ya ambata, kada a yi kamar ba a ji ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, ki tambaya ko inda kuke zuwa yana ciki, ki kuma leƙa ofishin walwalar marasa lafiya. 'Yan'uwan da ke maganar tawakkali, a sami babba a cikinsu ya tara su, kowa ya ɗauki zaman da zai iya a wata, kuɗin su riƙa zuwa hannunki ko asibiti kai tsaye. Roƙon kowane mako yana cin namiji fiye da allurar. A gida kuma ki mayar masa da girmansa a ƙananan abubuwa: ki nemi shawararsa a kan makarantar yara, a kawo masa yankan kaya ya yi a zaune ranar da jikin ya yarda, yaran shago su zo ya duba ɗinkinsu. Abokai biyu da ya fi sakewa da su, ki aika musu su zo zaure su yi hirar ƙwallo ko siyasa, a gargaɗe su kada su kawo zancen ciwo sai in shi ya ɗauko.

Ke fa, 'yar'uwa, wa yake tambayarki barcinki? Tunda kin san yana zaune cikin dare, ke ma ba barcin kike ba. Masu jinya su ma damuwar tana kama su, kuma na ga matan da suka faɗi kafin mazajensu. Ki sami ƙaninsa ko babban ɗanku ya riƙa raka shi ko da zama ɗaya ne a mako, ke ki kwanta ki huta a ranar. In kuma kin ga kuka yana zuwa miki ba dalili, ko abinci ya fita a ranki, idan kun je wurin likitan ki faɗa masa naki bayan an gama nasa.