Amsar Kawu kan majami'un ƙauye

'Yata,

Saƙonki ya iso, sai da na sa ƙaninki ya karanta mini, don idon ya fara gardama da ƙananan rubutun waya. Kin ce an karɓi baiko na musamman a majami'arku ta Jos domin buɗe wata a ƙauyen da ko sunansa ba ki taɓa ji ba, alhali kwanon taku yoyo yake yi. Har kika ce ko dai gasa ce kawai, kowace ikilisiya na son a ce ta fi yawan rassa. Ban ga laifinki ba, a gari aka haife ki, daga ƙofar gidanku kina jin ƙararrawa.

Mu ba haka muka tashi ba. Muna yara, sai mun yi sammako mun ƙetare rafi kafin mu kai wurin sujada. Da rani wannan ba komai ba ne. Amma da damina, in rafin ya kawo, kakarki da goyo a baya sai ta yi Lahadi huɗu ko biyar ba ta je ba. Shekarar da ƙanen kakanki ya rasu a tsakiyar watan Agusta, ba a sami wanda zai ƙetaro ya yi masa addu'a ba. Kakanki ne ya tsaya bakin kabari riƙe da Littafi Mai Tsarki, yana bin baƙaƙen da yatsa, ya karanta abin da ya iya ya bar sauran. Har ya koma ga Ubangiji yana faɗin wannan rana.

Bayan shekara biyu aka aiko mana mai bishara. Keke ɗaya, akwati ɗaya, da matarsa ɗauke da tukwane. Aka yanka masa gona, domin abin da ake aiko masa ko gishiri da kananzir ba ya isa. A gindin ɗorawa muka fara. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataya a reshe, bencinmu na laka. Da dare ya kunna fitilar ƙwai ya tara mu, yara da magidanta, ana a-ba-ca-da. Da wannan karatun na shiga firamare, da shi uwarki ta shiga. To ki lissafa da kanki ko baikon wasu mutanen gari da ba su san sunan ƙauyenmu ba ya taɓa ki.

Tushen abin kuwa umarni ne. A ƙarshen Bisharar Matiyu, Yesu bai ce a zauna a jira mutane su zo ba, cewa ya yi a tafi. Manzo Bulus ma ya faɗa wa Romawa cewa burinsa ya kai bishara inda ba a san sunan Almasihu ba, kada ya yi gini a kan harsashin wani. Kuma a wurinmu ikilisiya mutane ce, ba ɗaki ba. Mai bi yana bukatar wanda zai yi masa baftisma, ya ba shi jibin Ubangiji, ya ɗaura masa aure, ya zauna da shi ranar makoki. Waɗannan ba a aika su ta rediyo.

Manyan ikilisiyoyin da kike gani yau duk haka suka faro. A 1893 samari uku Turawa 'yan mishan suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar nan. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun mutu, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida, sai Rowland Bingham ya rage. Daga wannan aikin na ƙungiyar mishan ta SIM ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. 'Yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuwa a gindin tsamiya suka yi sujadarsu ta farko a Garkiɗa a 1923. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana taka wa mishan birki a ƙasashen sarakuna, shi ya sa da ƙofa ta buɗe a shekarun 1930, ta wajen masu cutar kuturta ta buɗe: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Mutanen da danginsu ke gudu, su aka fara zama da su. A Nijar ma asibitin Galmi tun 1950 yake aiki. Daga nan muka gaji al'adar cewa majami'a ba ta zuwa ita kaɗai, tana tafe da allo da akwatin magani, yanzu har da rijiyar burtsatse in an samu hali.

Yadda ake yi ba wuya. Sabon wuri yakan fara a matsayin gidan addu'a a ƙarƙashin uwar majami'a, ita ke ɗaukar nauyin mai bishara har ranar da mutanen suka iya riƙe fastonsu da kansu. Kafin a kafa ko sanda ɗaya, sai an je an gai da mai unguwa da dattawa, Musulmi ne ko masu gargajiya, an nemi izini. Maganin da aka kawo na kowa ne, ba a tambayar addinin mai zazzaɓi. Wanda ya raba shinkafa don a cika masa benci, ranar da buhu ya ƙare zai ga bencinsa.

Batun gasa kuma, ba zan rufe ki ba, akwai ta. Na zauna a majalisar dattawa shekaru da yawa, na ga an raba majami'a biyu saboda rikicin wa zai riƙe kuɗi, aka kira shi faɗaɗa aiki. Na ga layi ɗaya da coci biyar, lasifika na danne lasifika, ga ƙauyuka can bayan dutse ko mai bishara ɗaya babu. Wannan ba shi ake nufi ba. Saboda haka ki tambayi dattawanku, hakkinki ne: ina ne ƙauyen, nawa ne nisansa da majami'a mafi kusa, wa za a tura, kuma wa zai ciyar da iyalinsa bayan an gama bikin buɗewa an watse? In sun amsa miki dalla-dalla, ki bayar da zuciya ɗaya. Yoyon kwanonku kuma a sa bokiti tukuna, akwai masu albashi a cikinku.

In kin zo Kirsimeti ki tuna mini mu hau babur in kai ki ki ga ɗorawar, tana nan. Ki taho mini da tabarau mai ƙara girman rubutu. Ki gai da uwarki.

Kawunki